Da Sauƙi Ba Lamba Ba Ce

Litinin, ƙarfe 4:12 na yamma

Yarinyar nan ta sashen gashin ƙashi ce ta ce in nemi littafi in riƙa rubuta yadda na kwana da yadda na wuni da ciwon baya. To ga littafi. Na shago ne, wanda nake rubuta agogunan mutane a ciki, akwai sauran fararen shafuka a baya. Shekara talatin da huɗu ina gyaran agogo, ban taɓa shigar da kaina cikinsa ba sai yau.

Kwana arba'in da ɗaya ke nan da yi mini aiki a ƙashin baya. Ɗinki ya warke sumul, amma kwankwasona bai ji labarin an yi aiki ba. Shi ne likita ya tura ni wurin fitila, zama goma sha biyu, Litinin da Laraba da Juma'a. Ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, gado biyu da labule a tsakani. Ka kwanta rubda ciki, a ɗage maka riga, a ba ka baƙin tabarau, sai ta jawo wata fitila mai dogon wuya ta saita ta daidai kan tabon. Jan haske ne, ba ya ƙuna, ɗan ɗumi kawai. Minti ashirin. Ni da na ƙarar da idona wurin haska cikin agogo, yau ni ake buɗe wa baya ana haskawa.

Kafin ta kunna ta ce, "Baba, yaya jikin?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi. Amma Baba, da sauƙi ba lamba ba ce. Daga sifili zuwa goma, goma shi ne ciwon da ba ka taɓa jin irinsa ba. Nawa ne yau?"

Kai jama'a, ciwo ma yanzu lamba gare shi. Na ce bakwai, ta rubuta. Takwas ne. Na rage ɗaya don kada ta ce tsohon nan raki gare shi.

Ta kuma tambaye ni ko akwai wanda na yarda a yi wa bayanin jikina in ya nema. Na ba ta lambar wayar 'yata. Na ce ta rubuta dai don kada gurbin ya zauna haka, amma ba za ta nema ba.

Talata, ƙarfe 7:40 na safe

Takwas. Daga gado zuwa ƙofar banɗaki minti huɗu da rabi, na duba.

Laraba, ƙarfe 2:05 na rana

Na sami abokin gashi. Gadon da ke bayan labule na wani tsohon direban babbar mota ne, ƙato, muryarsa ta ishi ɗakin da barandar. Tun yarinyar, Mai Fitila nake ce mata, ba ta buɗe baki ba ya ce, "Goma, 'yar nan, goma! Da akwai sha ɗaya da na ba ki." Matarsa daga kan benci a waje ta ce, "Ƙarya yake, yanzu ya gama da burodi guda shi kaɗai." Aka kwashe da dariya har da shi. Na sa masa suna Mai Goma.

Mutum uku suka rako shi. Matar ta riƙe masa hula, 'yarsa ɗaya ta riƙe takalma, ɗayar tana yi masa fifita da katin asibiti. Da muka fito ya ce, "Kai kuma wa ya kawo ka?" Na ce tasi.

'Ya ɗaya gare ni. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa tun tana zanen goyo Uwata nake ce mata. Koyarwa take a wani gari, tafiyar awa shida. Da za a yi mini aiki ta ɗauki hutu ta zo ta yi jinyata kwana tara a asibiti. A rana ta tara abin da ya faru ya faru, ba zan rubuta shi a littafin shago ba. Abin da ta faɗa dai a bakin ƙofa, da jakarta a kafaɗa, shi ne, "Baba, zan tafi tunda ka ce in tafi. Ranar da kake buƙatata ka faɗa da bakinka, zan zo."

To ban faɗa ba. Filas ɗin shayin da ta bari yana nan kan teburi, ban buɗe ba.

Na ba Mai Fitila bakwai. Takwas ne.

Juma'a, ƙarfe 12:31 na rana

Agogon injin fitilar nan gudu yake. Yana kashe kansa saura daƙiƙa arba'in minti ashirin ta cika, na auna da nawa sau biyu. Na gaya mata, ta yi mini kallon uku saura kwata. Na ce ai ko kallon nan naki bai yi daidai ba, uku saura minti goma kika yi. Ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta ƙara mini daƙiƙa arba'in ɗina.

Gaskiya bayan fitilar nakan sami kamar awa ɗaya da abin ke lafawa, ya sauko bakwai. Kafin tasi ya sauke ni a bakin layinmu ya koma inda yake. Da ta tambaya sai na ji bakina ya ce shida. Ta yi murna ƙwarai.

Asabar, ƙarfe 5:04 na yamma

Duk Asabar ƙarfe biyar Uwata take kira, ba ta taɓa latti ba, wannan a wurina ta gado.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau."

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi."

 Ina jin numfashinta, ina jin wata murya nesa tana talla a layinsu. Na san jira take. Ni ma na yi gum.

"To Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin."

Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin. Ban ce Uwata ba, ita ma ta lura, na sani.

Lahadi, ƙarfe 1:15 na rana

Maƙwabcina Tela ya kawo mini shinkafa, kamar kullum tun da aka sallamo ni. Mutumin kirki ne. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce yaya jiki, na ce da sauƙi, ya ce madalla, ya juya. Da ma zai zauna ko minti biyar ne. Amma wa zai zauna wa mai sauƙi, ga ɗinkin mutane yana jiransa?

Litinin, ƙarfe 3:50 na yamma

Shida na ba ta. Ta ce ina littafin da ta ce in rubuta, na ce na manta shi a gida. A aljihuna yake.

Talata, ƙarfe 10:22 na safe

Ina neman katin magani a aljihun gefen jakar da na dawo da ita daga asibiti, sai hannuna ya taɓo agogo. Na Uwata ne. Na marigayiya mahaifiyarta ne, irin wanda ake wanawa, ba na batir ba, ni na ɗaura mata shi ranar da ta gama makaranta. Gilashin ya tsage daga biyu zuwa bakwai. Ya tsaya a sha ɗaya saura minti bakwai.

Na san wace rana ce, na san ƙarfen gadon da ya buga. Ban san dai ta cire shi ta sa a jakata ba. Ko mantuwa ce, ko cewa take ga aikinka nan ka gyara, oho.

Na ajiye shi kusa da filas. Takwas.

Laraba, ƙarfe 1:48 na rana

Yau Mai Fitila ta nuna mini wata takarda da ta ja layi a kai, tana ɗiga lambobina. Ta ce, "Baba, dubi layinka, sai gangarowa yake. Wallahi in na ga irin wannan sai in ji ban yi karatun banza ba." Ta ce fitilar ba ta yi wa kowa aiki iri ɗaya, wani ta rage masa, wani ko gezau, lambar ce kaɗai ke gaya musu inda aka kwana.

Na san wannan fuskar tata. A shago babu wanda na fi ƙi kamar mutumin da zai dawo a rana ta uku ya dangwarar maka da agogo a kan teburi ya ce, "Malam, ya sake tsayawa," ga mutane tsaye suna ji. Kunnuwanka har zafi suke. Ba ni zan yi wa 'yar mutane haka ba, tana ta fama da Mai Goma wanda ko tara bai taɓa ba ta ba.

Na ce biyar.

Alhamis, ƙarfe 11:09 na safe

Tela ya ɗauko mini akwatin kayan aikina daga shago. Na jawo teburi kusa da taga, na sa filo a bayana, na maƙala gilashin ido, na buɗe agogon. Hannuna lafiya lau, ko rawa bai yi ba. Ɓarnar ma ba ta kai yadda na zata ba. Ɗan wilin nan mai kai-komo, wanda ni zuciya nake ce masa, shi ne ya goce daga mazauninsa. Da ina da lafiya aikin rabin awa ne.

Minti shida na iya zama. A na bakwai wani abu ya caka mini daga ƙugu har diddige, hantsakin ya kuɓuce, ɗan notin da ke riƙe gadar zuciyar ya yi tsalle ya faɗi ƙasa. Ina ganinsa. Ga shi can gindin ƙafar teburi yana ƙyalli, bai kai ƙwayar gero ba. An hana ni sunkuyo, kuma ko ba a hana ba ba zan iya ba. Na gwada da sanda, sai ƙara tura shi nake. Ba ni da irinsa, agogon ya girmi duk abin da ke cikin akwatina.

Na zagi notin, na zagi teburin, na zagi wanda ya ƙera kujerar. Daga nan na zauna a bakin gado na yi kuka, ni da furfurata, a kan noti.

Alhamis, ƙarfe 4:30 na yamma

Na hana Tela shigowa da takalmi. Ban gaya masa dalili ba. Da na ce ya duba mini da ya duba, amma yatsunsa kauri gare su, kuma ba na son ya ga agogon wa ne.

Juma'a, ƙarfe 12:40 na rana

Biyar na ba ta. Takwas da rabi ne, in ana rabi.

A baranda Mai Goma ya tare ni. Ya ce, "Kai Mai Agogo, kullum da sauƙi, da sauƙi, amma tafiyarka ta mai goma ce. Ni fa shekara talatin ina duba taya. Ta hagunka sacewa take." Na ce ya ji da tasa motar. Raina ya ɓaci, don gaskiya ya faɗa. Kwana uku ke nan yatsun ƙafata ta hagu kamar na aro.

Asabar, ƙarfe 5:03 na yamma

Da sauƙi. Amin. Minti ɗaya da daƙiƙa goma.

Muryarta ta fi ta wancan makon sakewa, har ta ce in gaida Tela. Ban san me ya sa hakan ya fi yi mini ciwo ba.

Lahadi, ƙarfe 9:00 na safe

Agogo goma sha ɗaya ne a gidan nan, duk na wana su yau, waɗanda hannuna ke kaiwa. Da tara ta yi suka buga tare, ba wanda ya riga wani. Ba kowa a gidan da zan ce wa ka ji.

Ina kewarta. Na rubuta, tunda littafi ba ya kiran waya.

Litinin, ƙarfe 2:20 na rana

Huɗu. Bakin nan nawa sai ƙasa yake yi kamar mai ƙirga kwanakin hutu. Mai Fitila ta ce in muka ci gaba a haka ƙila ma ba sai na cika sha biyun ba. Na ce madalla. To in an sallame ni ina zan riƙa zuwa Litinin da Laraba da Juma'a? Minti ashirin ɗin nan da nake kwance da baƙin tabarau, ina jin Mai Goma yana faɗa da matarsa ta cikin labule, su ne kaɗai lokacin da nake cikin mutane.

Talata, ƙarfe 8:15 na safe

Tara. Notin yana nan.

Laraba, ƙarfe 1:33 na rana

Na ce uku. Allah ya yafe mini. Ta tafa hannu ta leƙa bayan labule ta ce wa Mai Goma, "Ka ji Baba ya kai uku." Ya ce, "Uku? Wannan?" Da muka fito kuma bai yi mini tsiya ba, sai ya sa 'yarsa ta tsayar mini da tasi. Da tsiyar ya yi mini da ya fi.

Alhamis, ƙarfe 3:12 na yamma

Ba laifin Uwata ba ne, bari in rubuta wannan kaɗai. Ranar nan ta tara a asibiti, lokacin masu dubiya ne, mu shida a ɗakin, kowane gado da mutanensa. Ban iya tashi ba, ban kuma iya riƙewa ba, zanin gado ya jiƙe. Ta gani kafin kowa. Ta ɗebo ruwa da tsumma, ta tsaya ta kare ni da jikinta don kada a gani. Yarinyar da na goya a kafaɗata. Ta miƙo hannu za ta janye zanin.

Ni kuwa na doke hannun. Kuma na ɗaga murya na faɗi abin da uba ba ya faɗa wa 'yarsa, a gaban mutanen da take kare ni daga idonsu.

Sha ɗaya saura minti bakwai.

Ya isa haka.

Juma'a, ƙarfe 2:55 na rana

Asirina ya tonu, kuma silifas ne ya tona shi.

Na shigo ɗakin fitila ina dogara sanda, na ce salamu alaikum, sai na ga Mai Fitila ƙasa take kallo. Ta ce, "Baba, ina takalminka ɗaya?" Na duba. Ƙafar hagu ba komai, kuma ban ji lokacin da ya fita ba. 'Yar Mai Goma ce ta tsinto shi can wajen matakala, tafiyar taku talatin a kan siminti ban sani ba.

Ba ta kunna fitila ba. Ta zaunar da ni, ta ɗauki bayan biro tana dannawa a yatsuna tana cewa ka ji nan, ka ji nan. Na fara cewa da sauƙi, ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Littafin nan yana aljihunka, tun makon jiya nake ganin shacinsa. Ba ni. Lambobin kawai zan duba."

Na ba ta. Ta bi da yatsa, takwas, takwas, takwas da rabi, tara. Ta rufe ta miƙo mini da hannu biyu. Na zata faɗa za ta yi, da na fi son haka. Sai idonta ya ciko.

Ta ce, "Baba, me na yi maka?"

Na ce ba ta yi mini komai ba sai alheri, shi ya sa. Na ce ban so in zama mai dawo da agogo ba ne.

Ta ce, "Ni ba yabo nake nema a wurinka ba. Da ka ba ni takwas sau uku a jere da tuni na mayar da kai wurin likita. Mako biyu muka ɓata ina gasa abin da ba na fitila ba ne." Sannan ta ce, "Kuma ba ni kaɗai ka yi wa ba."

Ashe duk ranar fitila, da an tashi daga makaranta, Uwata tana kiranta. Tun zama na farko ta nemo lambarta a asibiti. Ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Abu ɗaya take tambaya, nawa ya ce yau? Wai ta san in ni ta tambaya da sauƙi zan ce ko ana zare mini rai, shi ya sa ta dogara da lambar, don ta san mahaifinta ba ya wasa da lamba. Ta ajiye sauran hutunta na mako biyu ba ta taɓa ba, ta ce ranar da lambar ta hau za ta taho ko na kira ko ban kira ba. Shekaranjiya da aka ce mata uku, ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe da gaske ba ya buƙatata." Ta ce za ta je ta mayar da hutun.

Ni na kore ta a asibiti da baki. Sannan na zauna mako uku ina ƙara korar ta da lamba, ɗaya bayan ɗaya, ina jin wai kirki nake yi.

Mai Fitila da kanta ta tura ni a keke zuwa wurin likitan da ya yi mini aiki. Ya duba, ya daina murmushi. Ya ce a dakatar da fitila, ranar Litinin ƙarfe tara a ɗauki hoton bayan, sannan a san abin yi. Ya lissafa mini abubuwan da in na gani kada in jira Litinin. Ya ce kuma kada in zo ni kaɗai.

A hanyar fita ta ce, "In kira ta in gaya mata?"

Na ce a'a. Da bakina Uwata ta ce in faɗa.

Juma'a, ƙarfe 5:18 na yamma

Na ɗauki wayar. Na ajiye.

Juma'a, ƙarfe 5:46 na yamma

Na danna har lamba ta ƙarshe. To in ta ce ta riga ta mayar da hutun fa? In ta ce da sauƙi dai, Baba, Allah ya ƙara sauƙi, ta kashe? Da ta yi daidai.

Asabar, ƙarfe 7:26 na safe

In na jira ƙarfe biyar ita ce ta kira, ba ni ba. Don haka bakwai da minti biyu na buga. A ƙara ta biyu ta ɗauka.

"Baba? Lafiya?"

"Lafiya lau." Kai, wannan baki nawa, Allah ya shirye shi.

"Yaya jikin?"

"Da sau..." Na cije sauran. Ina kallon agogon bango, siririn hannun ya ci daƙiƙa goma sha huɗu.

Na ce, "Uwata."

Ta ce, "Na'am, Baba." Muryar ta karye a tsakiya.

Na ce, "Ba sauƙi. Tara ne. Tun da aka fara bai taɓa sauka ƙasa da bakwai ba, ƙarya na yi ta yi wa yarinyar nan. Ƙafata ta hagu ba na jin ta. Litinin za a yi hoto, kuma tsoro nake ji. Ki zo. Ina buƙatarki, ki zo."

Na ji ta ja hanci. Sai ta rufe ni da faɗa, irin na mahaifiyata sak, wai yanzu da girmana zan zauna in yi wa ma'aikaciya ƙarya, wai da ƙafar ta tafi gaba ɗaya fa, wai me nake so ta yi da ranta. Ina ta shan faɗan, wallahi daɗi nake ji.

Na ce, "Maganar da na faɗa miki a asibiti..."

Ta ce, "Bar ta, Baba. Ba ta waya ba ce. Sai na zo ka faɗa ina kallonka."

Hutun ta riga ta mayar shekaranjiya. Ta ce yau za ta je har gidan shugaban makarantar ta karɓo abinta, ya so ko kada ya so. Motar farko gobe.

Minti tara da daƙiƙa biyar.

Lahadi, ƙarfe 4:40 na yamma

Uku saura minti goma sha uku ta yi sallama. Ta rame. Ta ajiye jaka ta durƙusa a gabana tana gaishe ni, ni ina kan kujera na rasa inda zan sa idona. Tana nan durƙushe sai na ga ta karkata kai tana leƙen gindin teburi.

Ta ce, "Baba, wannan ba na agogo ba ne?"

Ta lashi ɗan yatsa ta danna shi a kan notin, yadda na koya mata tun tana 'yar shekara shida a shago, ta sa mini a tafin hannu. Kwana goma yana kallona ina kallonsa. Sannan ta ɗago ta ga agogonta a buɗe a kan farin ƙyalle.

Na faɗi abin da ya kamata in faɗa, tana kallona kamar yadda ta ce. Ba zan rubuta shi a nan ba, nata ne. Mun daɗe.

Agogon bai tashi ba tukuna. Ta ce ba zan zauna a kujerar nan ba sai likita ya yarda, ta kulle notin a cikin kwalbar magani ta sa a jakarta don kada in yi gardama. Gobe ƙarfe tara hoto. Ban san abin da za su gani ba, kuma har yanzu tsoro nake ji.

Yanzu haka tana kicin ta buɗe filas ɗin nan, tana ta salati, wai wane irin mutum ne zai ajiye shayi kwana hamsin da biyu. Ɗazu ta leƙo da kumfa a hannu ta ce, "Baba, nawa ne yanzu? Kuma ban da ƙarya."

Na ce, "Tara ne. Amma da sauƙi."

Ta yi mini kallon uku saura kwata, daidai, ko daƙiƙa bai goce ba.

Na ce, "Wallahi, Uwata, wannan karon duka biyun gaskiya ne."